Garin Neman Gira

Da aka ce makon nan ni ne da rubutu, niyyata in yi magana a kan ambaliyar ruwa, har na cika shafi biyu. Sai na ga ba zan iya ba da labarin ambaliyar ba tare da na ambaci wani ɗan zoben ƙarfe da ke ƙasan akwatina ba. Shekara uku ke nan ina kewaye maganarsa. Yau dai zan faɗa, ko Allah Zai sa wani ya tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, manomi ne da damina, mafarauci da rani. Gonarsa tana fadamar Miga, inda ruwan da ke gangarawa Haɗeja yake kwanciya. Yana da bindiga mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi a mayar a rufe. Takardarta tana naɗe cikin leda a jakar fata, ba ya wasa da sabunta ta. Abin da yake harbi bai wuce zabin daji da fakara da dinya da zomo ba. Idan shinkafa ta fara nuna kuma, jan baki suka sauko kamar hadari, ƙarar bindigar kaɗai takan tashe su. Da naman dajin nan aka saya mini takalmin makaranta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Kakanmu shi adaka ya riƙe, wadda ake ɗurawa ta baki. Ita babu ruwanta da maganar ya shiga ko bai shiga ba. Amma bindigar zamani komai nata a kan awo yake. Harsashi yana da kwanso, bindiga tana da ɗan ɗakin da kwanson ke zama, kuma dole su dace da juna kamar takobi da kube. A tsakanin kwanson nan da ɗakin nan labarina ya faru.

A damunar 2022 ruwa ya ci Jigawa ci na gaske. Miga da Jahun da Kafin Hausa da Ringim duk sun ji a jikinsu. Gonar Kawu ta zama tafki, ko kara bai tsira ba. Ɗakin ajiyarsa ya jiƙe har rabin bango. Da ruwa ya janye, farauta ta tashi daga abin marmari ta koma abin da gida ke ci. Ga shi kuɗin harsashi ya yi tashin gwauron zabo. Sai Kawu ya fara abin da bai taɓa yi ba, wato tara kwanson da aka riga aka harba, nasa da na abokan farautarsa, yana sake ɗura su. Ba zan faɗi yadda yake yi ba, don ba abin koyi ba ne.

Matsalar da ya ci karo da ita ita ce, da yawa daga cikin kwanson ba sa shiga bindigar. Wani ya shiga rabi ya cije. Wani ya shiga amma bindigar ta ƙi rufuwa. Duk wanda ya ƙi, sai Kawu ya jefa shi cikin wani tsohon gwangwanin madara. Kafin wata guda gwangwanin ya cika, waɗanda suka ƙi sun fi waɗanda suka yarda yawa.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da gama difloma a fannin kanikanci ba. Ina zaune gida babu aiki, kaina cike da lissafin da ba wanda ya tambaye ni. Wata rana da la'asar na same shi a zaure yana juya gwangwanin, sai ya ɗago ya ce, “Injiniya, ashe karatun naku bai zo nan ba?” Wasa yake yi, na sani. Amma maganar ta soke ni. Na koma gida na ɗauko baniyata, ma'aunin da na saya da kuɗin alawus ɗin koyon aiki, na dawo na auna gindin kwanson ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka ƙi shiga duk sun fi sauran kauri, da ɗan abin da ido ba ya gani. Na ce masa, “Kawu, ba ni mako biyu.”

Daren nan na sayi datar dare na shiga intanet. Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Ashe a Amurka sake ɗura harsashi halal ne a doka, sana'a ce kuma abin sha'awa, da kamfanoninta da littattafanta. Akwai kamfanin RCBS da wani Fred Huntington ya kafa a garin Oroville na jihar Kalifoniya a 1943, aikinsa ƙera kayan wannan harka. Kuma ashe ainihin matsalar Kawu suna da ita, har sun daɗe suna gardama a kanta.

Ga yadda abin yake. Kwanson harsashin raifal da tagulla ake yinsa, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Idan aka harba, iskar da ke tashi a ciki tana hura kwanson ya manne da bangon ɗakinsa, ya toshe hanya don kada wuta ta dawo fuskar mai harbi. Ƙarfin iskar ba na wasa ba ne. A harsashin da ake kira .308 Winchester, iyakar da aka amince da ita fam 62,000 ce a kan kowane murabba'in inci. Irin na Kawu, mai lamba 12, iyakarsa fam 11,500. Tayar ƙaramar mota kuwa fam 30 zuwa 35 ake ba ta. Da iskar ta fita, tagulla takan ɗan koma baya, shi ya sa ake iya zaro kwanson. Amma ba ta komawa daidai yadda take da farko. Don haka mai son sake amfani da kwanso dole ya tura shi cikin wani ƙarfen matsi da zai mayar da shi kusa da awonsa na asali.

Ƙarfen matsin iri-iri ne. Akwai na yau da kullum, wanda ke matse kwanson daga sama har ƙasa. Akwai kuma wani na musamman da suke kira da sunan da ke nufin “ƙaramin gindi”. Shi wannan yana ƙara tsuke gindin kwanson fiye da na kullum da kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na inci, wato milimita 0.025 zuwa 0.05. Takardar littafin rubutu kaurinta kusan milimita 0.1 ne, kun ga bai wuce kusan rabin takarda ba. A kan wannan ɗan abin ne manyan mutane masu furfura suke ta sa-in-sa: shin ya cancanci a saye shi, ko asarar kuɗi ne?

Masu cewa ya cancanta suna kawo hujja uku. Ta farko, bindigar da ke ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, irin AR-15, ƙarfin sifirin kaɗai ke tura kwanson, don haka in ya ɗan yi kauri sai ta sarƙe, wani lokaci ma ba ta gama rufuwa ba. Ta biyu, kwanson da aka harba a wata bindigar daban, musamman na soja da ya fito daga mashinga mai yalwar ɗaki, yakan kumbura fiye da yadda ƙarfen kullum zai iya mayar da shi. Ta uku, akwai bindigogin gasar saiti da ake yi wa ɗaki matsattse da gangan.

Masu cewa bai cancanta ba kuma suna cewa, in bindigarka mai sakata ce da kake rufewa da hannu, kuma kwansonka daga cikinta ya fito, ƙarfen kullum ya ishe ka. Suna ƙarawa da cewa duk lokacin da aka matse tagulla ta sake buɗewa, tana ƙara tauri tana rasa laushi, har ta kai ranar da za ta tsage. Ƙarin matsi yana rage kwanakin kwanso. Sannan sau da yawa laifin ba na gindin ba ne, mai aikin ne bai daidaita ƙarfensa na kullum yadda ya kamata ba.

Na karanta duk wannan a dare ɗaya. Amma gaskiyar magana, rabi na karanta da idona, rabi da zuciyata. Hujja ta biyu na gani, na ce shi ke nan, ga ciwon Kawu ga maganinsa. Kwanson wasu bindigogi ne, ya kumbura, a tsuke gindinsa. Sauran bayanin duk na tsallake kamar yadda ɗalibi ke tsallake babin da ya san ba zai fito a jarrabawa ba.

Washegari na tafi wurin wani tsohon maƙeri a unguwarmu, wanda duk muke kira Baba, don ya ba ni guntun ƙarfe mai kyau. Na same shi yana gyaran lauje, jikansa na kan zuga-zugi. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa abin da nake so in yi. Bai ce komai ba sai da ya tsoma laujen a ruwa. Sannan ya ce, “Yaro, ni na daina taɓa kayan bindiga tun kafin a yaye ka. Fartanya da garma sun ishe ni.”

Don in burge shi sai na kawo masa tarihi. Na ce ai Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana yaƙar Faransawa a ƙasashen Gini da Mali da Kwaddibuwa har suka kama shi a 1898, maƙeransa ne ke gyara masa bindigogi, suna kwaikwayon ƙirar Turawa, suna sake ɗura kwanson da aka tsinto a fagen fama. Na ce in baƙar fata ya yi haka shekara ɗari da wani abu da suka wuce, me zai hana mu?

Baba ya yi dariya. Ya ce, “Shi yaƙi ne ya tsare shi, ba shi da zaɓi. Kuma wanda ya ba ka labarin, ya lissafa maka waɗanda ta tashi a hannunsu?” Sai ya ɗauki wata guntuwar waya ya miƙo mini, ya ce in lanƙwasa in miƙar. Na yi. Ya ce in sake. A karo na bakwai ko na takwas wurin ya yi tauri, ya yi zafi, ya karye. Ya ce, “Ka gani? Ƙarfe yana gajiya kamar mutum. In ya ce maka a'a, dalili ake tambayarsa. Ba a yi masa dole.”

Abin kunyar shi ne, wannan darasin na san shi. An koya mana shi a aji da sunansa na Turanci, an zana mana shi a allo, na amsa tambaya a kansa na ci. Amma da ya fito daga bakin tsoho mai baƙin hannu sai na ɗauke shi tsoron mutanen da. Na yi masa godiya na tashi, ina cewa a raina zamani ya wuce shi.

Na hau mota zuwa Dutse, wurin da na yi koyon aiki. Na ce wa maigidan wani ɗan zobe zan fiƙe na injin ban ruwa. Ƙarya ta farko ke nan, kuma da ina da hankali da ta ishe ni ishara, don abin da ba ka iya faɗin sunansa ga wanda ya koya maka aiki, akwai magana a cikinsa. Na hau injin fiƙe ƙarfe na yi zobe biyu. Na farko daidai awon sabon kwanso. Na biyu na ƙara tsuke shi kaɗan, ina kwaikwayon abin da na karanta. Na goge cikinsu har suna ɗaukar ido.

Zoben farko ya dawo da kusan rabin gwangwanin. Na biyu ya dawo da duka. Kwanson da jiya ya cije, yau sai ya zame cikin bindiga sumul, ta rufe ƙaras. Kawu ya riƙe baki. Ya ce, “Lallai boko ba ƙarya ba ne.” Da daddare a majalisa ya ba da labari, ya ƙara gishiri. Kafin mako ya zagayo mutum huɗu sun aiko suna so. Na fara lissafin kuɗin ƙarfe da kuɗin mota da ribar da zan ɗora. Har suna na raɗa wa sana'ar a raina. Abin da ya hana ni farawa kawai rashin jari ne, kuma yau ina gode wa Allah da wannan talaucin.

Wata biyu komai lafiya. Sai ranar wata Talata cikin Fabrairun 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, hazo ya rufe gari. Bayan sallar asuba na koma na kwanta, sai na ji ana dukan ƙofa. Ɗan Kawu ne, ɗan shekara goma sha biyu, ba takalmi a ƙafarsa, numfashi na neman gagararsa. Abin da ya iya cewa kawai, “Yaya, bindiga ta tashi da Baba.”

Mun same shi a bakin fadama zaune, ya dafe fuska da hularsa. Gefen fuskarsa na dama ya yi baƙi, jini na bin tsakanin yatsunsa. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi. Muka ɗora shi a mashin zuwa Jahun, ni ina bayansa na riƙe shi. A can aka wanke aka ɗaure, aka ce sai Kano, wurin likitocin ido. Ga mota, ga direba, amma babu takardar kuɗi a hannun kowa. Masu POS sun rufe, wanda ya buɗe kuma babu sabis. Sai da wani ɗan kasuwa da ya san Kawu ya tausaya ya ƙirgo mana tsofaffin kuɗi daga aljihunsa muka tashi, rana ta riga ta take. Daga baya aka kai awakinsa biyu kasuwar Gujungu don biyan bashin.

Kwana tara muka yi a Kano. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, sun ciro 'yan ɓarɓashin ƙarfe, sun ceci ƙwayar idon ba a cire ta ba. Amma gani ya tafi. Idon dama, wanda yake saiti da shi shekara talatin, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa.

Da muka dawo na nemi bindigar da kwanson. Yaron ya adana su. Gindin kwanson ya yage daga gefe kamar an buɗe gwangwanin kifi. A jikinsa ga wani siririn layi mai sheƙi ya zagaye shi, sawun zobena na biyu. Ba na buƙatar kowa ya gaya mini, wannan yana cikin 'yan gwangwanin madara, waɗanda bindigar ta ƙi tun farko.

Sai a lokacin na yi binciken da ya kamata in fara da shi. Na kawo maganaɗisu kusa da gindin kwanson, sai ya manne. Ashe abin da nake kira tagulla ba tagulla ba ne. Yawancin kwanson irin wannan bindiga jikinsu roba ne, gindinsu kuma baƙin ƙarfe ne siriri da aka yi wa ruwan tagulla. Na yanka wasu daga cikin sauran na duba, tsatsa ta ci su ta ciki, tun daga damshin ambaliya. Na ɗauki ilimin tagullar raifal na ɗora a kan abin da ba tagulla ba kuma ba raifal ba. Na juya kan bindigar. Da na rufe ta na girgiza, sai na ji tana ƙwas-ƙwas a mahaɗa. Na zura takarda ninki biyu tsakanin bututun da bangon da ke tare gindin harsashi, ta wuce. Shekaru sun cinye mahaɗar, gindin kwanso ba ya samun abin jingina sosai. Sabon kwanso yana iya jure wannan giɓin. Wanda ya gaji, ya yi tsatsa, aka kuma matse shi da ƙarfi, ba zai iya ba.

Na koma na sake karanta gardamar Amurkawan, wannan karon har ƙarshe. Sai na ga duk ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abubuwan da na tsallake. Kafin su ce a sayi ƙarfen ko kada a saya, cewa suke a fara aunawa. Suna da wani ma'auni mai siffar ɗakin bindiga da ake jefa kwanso a ciki a gani. Suna ƙirga sau nawa aka harba kowane kwanso. Suna duba cikinsa, in ya fara sirancewa su zubar ba tare da waiwaye ba. Suna da sikeli mai auna abin da bai kai nauyin ƙwayar gero ba, da littattafan da aka gwada kowane awo a ɗakin gwaji kafin a buga. A bayansu kuma akwai hukumar SAAMI da aka kafa a 1926, wadda ta tsayar da awon kowane harsashi da kowane ɗaki, kamar yadda ƙasashen Turai suke da tasu mai suna CIP tun 1914. Wato su gardamarsu a kan rabin kaurin takarda ce, bayan an riga an tabbatar da komai. Ni kuwa na ɗauko amsar tambayar ƙarshe, alhali ban yi ta farko ba.

To, shin ƙarfen mai tsuke gindi ya cancanci saye? Ga Ba'amurken da ke da bindiga mai ɗora wa kanta, ko ya sayi kwanson soja, ya kuma auna ya ga na kullum bai wadatar ba, ya cancanta. Ga mai bindigar sakata da ke amfani da kwansonsa, asarar kuɗi ce da rage kwanan tagulla. Ga irinmu kuwa, a zaure, da tsohuwar bindiga da kwanson tsintuwa, babu sikeli babu ma'auni, abin ya wuce maganar riba da asara. Ƙin shigar da kwanson ke yi shi ne kaɗai mai gadin da ya rage tsakanin Kawu da wuta. Gwangwanin madarar nan shi ne ɗakin gwajinsa. Ni na zo da ilimina na sallami mai gadin.

Akwai kuma abin da ban tsaya na duba ba sai daga baya, wato doka. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, akwai irin ta Kawu da ke buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, akwai irin adaka da Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa izini. Dokar ta hana ƙera ko haɗa harsashi a gida. Wannan aikin na ma'aikatun gwamnati ne, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Ke nan lasisin da Kawu ke tattalinsa a leda bai rufe abin da muke yi a zaure ba. Kuma mutum huɗun da suka aiko, biyu kawai na sani. Da na yi musu, zoben zai wuce daga hannu zuwa hannu, kuma kwanson da ke shiga bindigar mai harbin zabo shi ne ke shiga ta mai tare hanya. A watan Maris na 2025, da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bayan an ga bindigogin farauta a motarsu, na daɗe ina tunani. Mafarauci a ƙasar nan ba shi da abin kariya sai takardarsa da sunansa na kirki. Duk wanda ya jawo zargi a kan sana'ar, ba kansa kaɗai ya cuta ba.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne Kawu bai taɓa ɗora mini laifi ba. A gadon asibiti na fara ba shi haƙuri, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Ɗan nan, bar wannan magana. Ni na ɗura, ni na harba. Abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa.” Mahaifiyata, da yake ni ne ɗan fari ba ta ko kiran sunana, ba ta ce mini uffan ba. Sai dai ta yi kusan wata guda in na shigo gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na yarda da ƙaddara, ba na jayayya da ita. Amma ita ba ta hana mutum ya san inda ƙafarsa ta zame. Tawa ta zame ne a ranar da na fi son a ce na iya a kan in tsaya in tabbatar. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, haka muke ji tun muna yara, sai dai ni nawa ƙuƙumin a wuyan wani ya faɗa.

Bayan sallar layya ta shekarar na koma wurin Baba maƙeri. Na zauna a kan turmin da ke gefen maƙerar na kasa magana. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya miƙo mini magagari da wata sabuwar fartanya ya ce, “Gyara mini bakin nan.” Na yi ta gogawa har la'asar. Da zan tafi ya ce, “Hannunka yana da kyau. Kunnen ne da saura.”

Yanzu gyaran injin ban ruwa nake yi, daga Miga zuwa Tsakuwawa da Zareku, duk inda masu noman rani suka kira ni. Har yau nakan haɗu da ƙarfen da ya ƙi shiga mazauninsa, mai injin yana tsaye a kaina yana cewa in buga masa guduma kawai, rana na yi. Ba na bugawa. Nakan auna abin da zai shiga, in auna inda zai shiga, in ya zama dole a sayi sabo in faɗa, ko da mai injin zai ɓata rai. Wasu sun daina kirana saboda haka, suna cewa na cika tsirfa.

Kawu ya naɗe bindigar a buhu ya rataye. Yana nomansa, in jan baki sun sauko shi da yaransa suna kora da gwangwani da majajjawa kamar kowa. Yana nan da barkwancinsa, har yanzu Injiniya yake kirana. In zan gaishe shi nakan zagayo ta hagunsa don ya gan ni da wuri.

Watan jiya wani saurayi ya same ni a shago, ya rage murya ya ce an ba shi labarin ina da wani zobe. Na ce ina da shi. Ya ce nawa zan yi masa irinsa. Na ce ya zo mu je in nuna masa aikin zoben tukuna. Na kai shi gidan Kawu muka gaisa, muka sha ruwa, muka fito. A hanya bai sake tayar da maganar ba.

'Yan uwa, na san a cikinmu akwai 'ya'yan mafarauta da jikokin maƙera, daga Haɗeja har Birnin Kudu, kuma tsadar nan ba ta bar kowa ba. In akwai mai tara kwanso a gidanku, ku karanta masa wannan. Wanda ya ƙi shiga, a bar shi a gwangwani. Kuɗin sabon harsashi, komai tsadarsa, bai kai awaki biyu da ido ɗaya ba.

Allah Ya ba Kawu ladan haƙuri, Ya yafe mana kurakuranmu. Sai mun haɗu a sharhi.

Daga Miga, Jihar Jigawa.